Lafiya Uwar Jiki: Baƙin Tabo a Fuska da Man da Ake Awo da Cokali

A fitowar da ta wuce na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar ruwan sha da tsabtar randuna, to amma sai ga wata takarda ta iso hannuna daga wata baiwar Allah da ke zaune a Soba, wadda ba ta daɗe da komawa gidanta ba bayan zaman gudun hijira a Gadarif, kuma abin da ke cikin takardar ba zai jira wata mai zuwa ba. Saboda haka a gafarce ni, randa ta ɗan dakata.

Hajiya ta ce 'yarta budurwa ce, an sa ranar aurenta bayan babbar Salla. Lokacin da suke can Gadarif ita ce ke taimakon gidan da sayar da shayi da godo-godo a bakin kasuwa, ga rana a sama ga garwashi a gaba, har wani duhu ya fito mata a kumatu biyu da goshi. Da suka dawo sai wata ƙawarta ta kai ta wani shago, aka auna mata haɗin mai da cokali a cikin 'yar roba, ba suna ba takarda. Mako biyu na farko fuska ta yi haske, kowa na yaba wa. Yanzu wata biyar ke nan, kumatun sun fi da duhu, ga ƙuraje sun feso, in ta fita rana fuskar na zafi kamar an shafa barkono, in kuma ta kwana biyu ba ta shafa man ba sai ƙaiƙayi ya hana ta barci. Tambayar Hajiya ita ce, "Malam, wane mai ne ya fi wannan ƙarfi, don lokaci ya ƙure?"

To Hajiya, ni dai malamin makaranta ne, ba likita ba, abin da zan faɗa na karanto shi ne kuma na tambayi masu abin. Amma amsar tambayarki a taƙaice ita ce kada ki nemi wanda ya fi ƙarfi, domin ƙarfin ne ya kai yarinyar inda take. Bari mu bi abin daga tushe, don masu irin wannan damuwa suna da yawa, ke ce kawai kika yi ƙarfin halin rubutowa.

A ƙasan fatar da muke gani akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu shi ne yin wani sinadari mai launi da ake kira melanin, su raba wa sauran ƙwayoyin fata da ke kewaye da su. Abin mamaki, yawan waɗannan masu rini kusan ɗaya ne a jikin Bature da Balarabe da Bahaushe. Bambancin yana wajen yawan rinin da suke yi da girman ƙunshin da suke zuba shi a ciki. Wannan rini laima ce da Allah ya yi wa fata don kare ta daga zafin hasken rana, shi ya sa ciwon dajin fata bai yi yawa a cikinmu ba kamar yadda yake a cikin Turawan da ke zaune a ƙasashe masu rana. Sai dai masu rinin nan namu suna da saurin tashi. Rana ta doke su, su ƙara aiki. Zafin wuta ya taɓa su, su ƙara aiki. Ƙurji ya fito, ko sauro ya ciji mutum ya sosa, ko wani abu ya ƙona fata, nan ma sai su zuba rini a wurin. Abin da zai bar wa farar fata jan tabo na 'yan kwanaki, mu sai ya bar mana baƙi na watanni.

Duhun da ya fara fito wa 'yar Hajiya, bisa yadda ta kwatanta shi, ya yi kama da abin da ake kira kalaf da Larabci, likitoci kuma su ce melasma. Alamarsa ita ce yana fitowa hagu da dama daidai wa daida, a kan kumatu da goshi da karan hanci da saman leɓe, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya tudu. Mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba, ko da yake maza ma ba su tsira ba, musamman masu wuni a rana irin direbobin raksha da manoma. Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne: gado, da rana, da zafi, da juna biyu, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Wanda ciki ya kawo sau da yawa yakan dushe da kansa cikin shekara guda bayan haihuwa, in an yi haƙuri aka ƙyale shi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, mace mai zama gaban kanun tun safe ko mai tuyar kisra a kan doka ta haɗa biyu daga cikin waɗannan dalilai a kowace rana ta Allah. Kalaf ba ya kisa, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ƙazanta ba ce. Amma yana da naci, yana tafiya yana dawowa, kuma duk wanda ya ce zai raba ki da shi cikin mako ɗaya to kuɗinki yake so.

Na biyu a yawa shi ne tabon da ciwo ke bari bayan ya warke, wato na ƙurajen balaga, da ƙyanda, da ƙarambau, da ƙazuwa, da ƙuna, da askin gemu ga maza. Wannan yana da sauƙi in rinin a sama ya tsaya, domin fatar sama tana sabuntuwa kusan kowane wata guda, tabon yana dusashewa a hankali cikin wata 6 zuwa 12. In kuwa an matse ƙurjin da farce ko an goge shi da ƙarfi har rinin ya faɗa can ƙasa, sai ya koma toka-toka, kuma yana iya shekaru. Ina ganin wannan a fuskokin ɗalibaina kowace shekara. Ƙurjin da zai tafi cikin kwana biyar, sai yaro ya tsaya gaban madubi ya mai da shi tabon shekara biyu.

Yanzu mu zo kan 'yar robar nan. Mu mutanen Soba mun saba da asibiti a bakin ƙofa. Asibitin Jami'ar Hartum da ke nan an buɗe shi a 1975, kuma a cikin harabarsa ne Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken ciwon nan na ƙafa da ake kira nabit a 1991, wadda a da marasa lafiya ke zuwa daga ƙasashe maƙwabta. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 sai asibitoci da yawa na Hartum suka tsaya, ita kanta cibiyar aka washe ta, likitoci suka watsu. Inda babu likita kuwa mai shago ne ke zama likita. Amma kada mu ɗora wa yaƙi komai, don shagunan "gadar zurufak", wato gwargwadon halinki, inda ake auna mai da cokali, sun riga yaƙi da shekaru masu yawa a kasuwannin Omdurman da Hartum. Wani bincike da aka buga a 2017 kan ɗalibai mata na Jami'ar Jazira ya nuna kusan 74 daga cikin kowace 100 sun yi amfani da man hasken fata. 'Yan jami'a ke nan, masu iya karanta abin da ke jikin kwali.

Abin da ake zubawa a irin wannan haɗi ba ya wuce abu uku, wani lokaci duka ukun a roba ɗaya. Na farko shi ne kotizon mai ƙarfi, irin clobetasol da betamethasone, waɗanda aka fi sani da sunayen Dermovate da Betnovate. Magunguna ne na gaske, an yi su don kirci mai tsanani da makamantansa, a shafa na ɗan lokaci ƙarƙashin kulawar likita, kuma clobetasol ba a yi shi don fuska ba sam. Shi ne ke kawo hasken nan na mako biyun farko, domin yana matse ƙananan jijiyoyin jini kuma yana rage aikin masu rini. In aka ci gaba sai fata ta yi siriri kamar takardar sigari, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro wa mace a fuska, makero da ƙyasbi su samu wurin zama, in a jiki ake shafawa kuma nankarwa ta tsage cinya da hannu, irin wadda ba ta komawa. Fata kuma takan saba da shi, ranar da aka daina sai ta yi bore da ja da zafi da ƙaiƙayi, yarinya ta koma ta sake saya. Abin da Hajiya ta kwatanta ke nan tiryan-tiryan. Mai shafa shi a duk jiki shekara da shekaru yana shiga jini, ya kawo hawan jini da ciwon sukari, in aka yi mata tiyata ko ta haihu da aiki ɗinkin ya ƙi kamawa.

Na biyu shi ne hydroquinone. Shi ma magani ne, hasali ma shi likitocin fata suka fi dogara da shi wajen kalaf, amma a ma'aunin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a kan tabon kaɗai, da dare, na wata uku ko huɗu sannan a huta. In aka wuce haka, aka yi ta shafawa ana shiga rana, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kalaf ɗin farko muni kuma da wuya ya fita. Likitoci a Afirka ta Kudu ne suka fara bayyana yawaitar wannan a cikin baƙar fata a 1975, ƙasar ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001, daga baya Kodebuwa da Gana da Ruwanda su ma suka kafa nasu dokokin. Wato abin da aka saya don ya kori baƙi, shi ne da kansa yake dasa baƙin da ba ya jin magani.

Na uku, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne zaiba, wato zi'bak da Larabci. Ba ta da wari, ba a ganinta, kuma masu haɗawa ba sa rubuta ta, in ma sun rubuta sai su sa calomel. Tun a 1972 likitoci a Nairobi suka lura da 'yan mata masu zuwa da kumburin jiki saboda ƙoda na zubar da sinadarin gina jiki a fitsari, aka bi sawu aka tarar man hasken fata ne mai zaiba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta kawo rawar hannu da mantuwa, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana bin nono, har tawul da zanen gado tana maƙalewa ta shafi miji da yara. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta fara da iyakance ta a kayan kwalliya, sannan a taron 2023 ƙasashe suka amince a hana ta gaba ɗaya daga 2025. To amma doka a takarda take, cokali kuma yana hannun mai shago. Amarya da za ta shiga ɗaki, wadda muke roƙa wa zuriya ɗayyiba nan da shekara, ita ce ta fi kowa cancantar a nisanta ta da wannan. Haka nan ƙwayar nan ta ƙiba da ake kira abu najma, wadda ake ba amare don su cika, ita ma kotizon ce ta haɗiya, kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya sai da shawarar likita, don yankewa kwatsam na iya kayar da mutum.

To mene ne magani? Na farkonsa ba a saidaliyya yake ba. Duk abin da za a shafa wa kalaf, in ba a tare rana ba aikin banza ne, kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. A ja tob ya rufe goshi da kumatu, a riƙe laima, namiji ya sa malafa ba kunya, mai sayar da shayi ta nemi inuwa kuma ta ɗan janye kanun daga saitin fuskarta. Wadda ke da hali ta sayi man kare rana mai lamba 30 ko sama, ta shafa da safe ta maimaita in za ta daɗe a waje. An gano cewa a baƙar fata har hasken da ido ke gani yana ƙara duhun kalaf, don haka man kare rana mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aka sa wa sinadarin ƙarfe, ya fi fari amfani, kuma ba ya barin fuska kamar an shafa toka. Bayan wannan sai abin da likita zai rubuta. Akwai haɗin nan na magani uku da wani likitan Amurka mai suna Kligman ya fitar a 1975, wato hydroquinone da tretinoin da ɗan kotizon, wanda har yau ana amfani da irinsa na 'yan makonni. Akwai azelaic acid, wanda ya fi sauƙi kuma ana ba mai juna biyu, alhali tretinoin da hydroquinone ba a ba ta. Akwai kuma ƙwayar tranexamic acid da likitoci ke bayarwa ga kalaf mai taurin kai, amma sai an tabbatar mutum ba shi da tarihin daskarewar jini a jijiya. Kowanne daga cikinsu sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga bambanci. Allurar glutathione da ake tallatawa da tsada kuwa babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna tana gyara tabo, illolinta ne aka fi sani.

Dabarun gida ma a yi hattara. Ruwan lemon tsami a fuska sannan a fita rana yana ƙona fata ya bar tabon da ya fi na da, saboda akwai wani sinadari a cikinsa da ke haɗuwa da hasken rana. Kanwa da man goge baki da toka duk haka. Dilka da dukhan al'adunmu ne na nan, har 'yan uwanmu na Kano da Maiduguri sun ara sun mai da su sana'a, ba kuma ni zan ce a bari ba, kada mata su kore ni daga unguwa. Sai dai dilka a jiki take da kyau, kuma da sassauci. Fuskar da kotizon ya riga ya sirance ba ta jure murza, zafin ramin dukhan kuma in ya yi yawa ƙara wa kalaf ƙarfi yake yi. Wanda nake roƙo a bari ɗungurungum shi ne sibga, baƙin dutsen nan da masu ƙunshi ke zubawa a lalle don ya yi baƙi da sauri. Lalle na gaskiya ja ne. Sibga tana sa fatar wasu ta kumbura ta yi ruwa, bayan an warke zanen ya zauna a hannu baƙi ko fari wata da watanni, kuma tun shekarun 1980 likitocin Hartum ke ba da rahoton yadda take kumbura maƙogwaro ta kashe ƙoda in ta shiga jiki da yawa ko yaro ya haɗiye ta.

Akwai kuma baƙin da bai kamata a shafa masa komai ba, don saƙo ne daga cikin jiki. A nan sai na tona asirin kaina. A kwalejin horon malamai an koya mana duba farce da kunne da wuyan yara a layin safe. Wata shekara ina da wani yaro a aji shida, mai jiki, bayan wuyansa baƙi ƙirin kamar ya shekara bai ga sabulu ba. Sau biyu ina kora shi gida a gaban 'yan uwansa. Rana ta uku sai ga mahaifiyarsa ta riƙo hannunsa, wuyan duk ya saɓule don ta dirje shi da soso har da dutsen goge kaushi. Ta ce, "Ustaz, ga shi nan, in kai za ka iya fitar da shi bismilla." Na taɓa wurin, na ji shi da kauri da laushi kamar karan-miski, kuma ta ce haka hammatarsa take. Da aka kai shi asibitin Soba likita ya ce wannan ba dauɗa ba ce, alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, wato hanyar ciwon sukari ce, ya kuma tambaya ko akwai mai sukari a gidan. Ashe mahaifin yaron yana da shi. Maganin da aka ba su shi ne rage ƙiba, da rage sukari a shayi da lemon kwalba, da motsa jiki. Na ba yaron haƙuri a gaban ajin da na kunyata shi, amma har yau in na tuna wuyan nan da ya saɓule sai in ji nauyi. Malamai 'yan uwana da iyaye mata, in kun ga irin wannan a wuya ko hammata ko matsematsi, na yaro ko na babba, awon sukari ake nema. Ga budurwa kuma in ya haɗu da rikicewar al'ada da gashin fuska, sai a gaya wa likitan mata.

Wani kuma da ya kamata mu sa wa ido a wannan zamani shi ne na yunwa. Mutanen da suka yi watanni suna cin asida ko tuwon dawa ko masara zalla, ba nama ba gyaɗa ba madara, sukan rasa sinadarin niyasin, sai fata ta yi baƙi ta bushe ta tsattsage a duk inda rana ke duka, wato bayan hannu da saman ƙafa da kewayen wuya kamar an rataya sarƙa. Sunansa pellagra. Wani likitan Sifen mai suna Casal ne ya fara bayyana shi a 1735 a cikin talakawa masu cin masara. Bayan fata sai zawo, bayan zawo sai ruɗewar hankali, in ba a kula ba har a rasa rai, alhali maganinsa ƙwayar nicotinamide ce mai araha, cikin 'yan kwanaki ake fara ganin sauƙi. Masu shan maganin tarin fuka da mashaya giya sun fi saurin kamuwa. A nan mu Hausawa muna da garkuwa a cikin sana'armu, domin gyaɗa na cikin abincin da suka fi yawan niyasin. Ƙuli-ƙuli, da tunkuzar da 'yan uwanmu Larabawa ke kira dakwa, da garin da ake barbaɗa wa agashe, duk suna taimakawa. Masu kula da takaya a unguwanni, in hali ya yi, a riƙa jefa gyaɗa ko wake ko adas a tukunya.

Tunda Hajiya ta ambaci Gadarif, dole in ƙara wannan. Yankin kogin Rahad da Atbara da Dindir, inda ƙauyukan mutanenmu suke da yawa, gidan kala-azar ne, don ɗan ƙaramin ƙudan da ke ɗaukarsa yana son dajin talha da aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa. Likitocin Jami'ar Hartum sun yi shekaru suna bincike a can tun shekarun 1990, har a ƙauyen Hausawa na Mushra Koka. Sunan ciwon daga Indiya ya zo, ma'anarsa baƙin zazzaɓi. A nan Sudan kusan rabin waɗanda aka yi wa magani suka warke, cikin wata shida sai wasu ƙuraje ko ɗigo-ɗigo masu haske su fito musu, su fara daga kewayen baki su bazu fuska da ƙirji da hannuwa, an fi gani a yara. Yawanci suna tafiya da kansu cikin shekara, amma waɗanda suka yi tsanani ko suka daɗe suna bukatar magani na musamman. Duk wanda ya dawo daga gabas da irin wannan, ya faɗa wa likita ya taɓa yin kala-azar, kada a shafa masa man shago.

Farin tabo kuwa in yana da ɗan gari-gari in an kankare, a ƙirji ko baya, galibi ƙyasbi ne, sabulun ruwa mai ketoconazole ko selenium na kashe shi, ko da yake launin sai ya ɗauki watanni kafin ya daidaita. In fari ne fat kamar madara to bahag ne, ba a ɗaukarsa wajen cin abinci ko gaisawa, a daina gudun masu shi. In kuwa tabon ya ɗan yi haske ne kawai, ba ya gumi, kuma in an taɓa shi da auduga ido a rufe mutum bai ji ba, a hanzarta, don farkon kuturta ke nan, maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, wata 6 ko 12 an rabu da ita ba tare da an rasa yatsa ba. Wanda kuma duk jikinsa ke ƙara duhu har layukan tafin hannu da dasashi, ga kasala da rama da jiri, shi ma asibiti ne, ba kasuwa ba.

Akwai maganar da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. A ƙasar nan an jera launin mutane kamar matakala, wannan asfar, wannan asmar, wannan akhdar, wancan azrag, kuma kowa ya san wanda ake sawa a ƙasa. 'Ya'yanmu mata suna jin wannan a makaranta da motar haya, sannan su dawo gida su ji gwaggo na cewa wance ta fi kyau don wankan tarwaɗa ce. Samarinmu su ma in an tashi neman aure sai ka ji ana cewa a samo mai haske. Yarinyar da ta je shagon nan don tabo biyu, ba tabon kaɗai take son gogewa ba, kuma ba ita ta ƙirƙiro wannan tunani ba, a bakinmu ta ji. Ni a gidana na hana a kira kowa da baƙa ko fara a matsayin yabo ko zagi, ko da wasa.

Hajiya, ga abin da nake ba ki shawara. Ki ɗauki yarinyar da ita kanta robar ku je wurin likitan fata, wato jildiyya, a duk asibitin da ke aiki kusa da ku, ko a Hartum ko a ƙetare Omdurman. Ta faɗi gaskiyar wata nawa ta yi tana shafawa da sau nawa a rana, da ko ta sha ƙwayar ƙiba, don likita ba alƙali ba ne. Ki roƙa a auna mata fitsari da hawan jini da sukari. Kada ki yi mamaki in likitan bai ce ta yanke gaba ɗaya ba, sau da yawa sukan sauko da mutum a hankali zuwa mai sauƙi, kuma makonnin farko fuskar za ta ƙara ɓaci kafin ta lafa, nan ne mafi yawa ke karaya su koma shago, nan ne kuma za ta bukace ki kusa. Kafin nan ruwa da sabulu marar ƙamshi da man shafawa marar haɗi sun isa, sai inuwa. Da wuya kumatun su koma daidai kafin babbar Salla, ba zan yi miki ƙarya ba. Hoda mai kyau za ta rufe na kwana ukun biki, lalle kuma a yi mata ja. In da hali ki sa wata babba a dangi ta yi wa uwar ango bayani tun yanzu, don kada a ɗaga lulluɓi a fara tambaya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa albarka a auren.

Masu tambaya kan maganin sanya wa randa da yawan da ake zubawa a jarka, sai a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.